Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Dutsen da aka raɗa wa sunan Newton

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya na tsaya ne inda malaminmu a Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard na ƙasar Norway da ke can ƙuryar arewacin duniya, ya sa sunana cikin ɗaliban da za su bi shi awon ƙanƙara a arewa maso gabashin tsibirin Spitsbergen.

Ƙarshen Afrilu ne, rana ta riga ta daina faɗuwa, sallah ma da agogon Makka nake yi. Muka hau baburan ƙanƙara, kowa na jan kayansa a baya, jagora da bindiga a kafaɗa saboda farin beyar. Da muka haura filin ƙanƙarar Lomonosovfonna, ba itace ba ciyawa, ko'ina fari fat. Numfashina ya daskare a gemuna. Dabinon da Inna ta ƙunso mini ya koma kamar tsakuwa, sai na cusa shi cikin riga ya yi laushi kafin in iya taunawa.

Can malam ya nuna da hannu ya ce, "Ga Newtontoppen." Tsayinsa mita 1,713, babu wanda ya kai shi a duk Svalbard, amma ido ba zai gaya maka haka ba, don ƙanƙara ta haɗiye shi har wuya.

Sunan ne ya tsaya mini a rai. Svalbard ba ta taɓa samun 'yan asali ba, saboda haka duk wani suna baƙi ne suka kawo shi, tun daga Willem Barentsz, matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan da ya isa wurin a 1596. Wannan dutse a 1898 aka sa masa sunan Isaac Newton, masanin kimiyya ɗan Ingila, kuma da dalili. Newton ya ce duniya ba mulmulalliya ba ce sak, ta ɗan baje a ƙuryar arewa da ta kudu. Daga 1899 zuwa 1902 masanan Suwidin da Rasha suka yi ta hawa duwatsun nan da ƙafa, suna ɗauke da na'urorin awo, don su auna wannan bajewa. Ɗaya daga cikinsu, Helge Backlund, shi ya fara taka ƙololuwar a 1900. Dutse na biyu a tsayi, Perriertoppen, shi ma sunan wani janar ɗin Faransa ne masanin awon ƙasa. Wallahi mutanen nan sun cancanci girmamawa. Ba su da rediyo, ba su da jirgin ceto.

Muna cikin kafa tanti iska ta juya, jagora ya ce kowa ya ɗaure igiya a ƙugu. Daga nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.