Ashe ba tsufa ba ne

Sati biyu Baba yana kukan cinyoyinsa, ko daga sujada sai an ɗaga shi. Mu a gida nan Aboabo muka ce tsufa ne, muna ta shafa masa man zafi. Sai da fitsarinsa ya koma kalar shayi muka ruga asibiti.

Ashe magungunansa ne suka yi karo. Amiodarone na bugun zuciya yana hana hanta sarrafa simvastatin na kitsen jini, sai ya taru yana narkar da tsoka, dattin ya sauka kan ƙoda. In an haɗa su, simvastatin bai kamata ya wuce miligiram 20 a rana ba. Baba 40 yake sha, asibiti biyu daban suka rubuta masa magungunan, mu kuma ba mu nuna wa ɗaya katin ɗaya ba. Wannan yake ci mini rai.

Ana masa ƙarin ruwa. Ku sa shi a addu'a.