Ɗan hayar da ke cikin bakteriya

A daminar da ta wuce, ɗan ƙanwata mai shekara bakwai ya ci abincin walima a Tudun Wada, bayan kwana uku ya fara murɗawar ciki da gudawa, washegari kuma aka ga jini a bayan gidansa. Mahaifiyarsa har ta yafa mayafi za ta kemis ta sayo Cipro, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ce ta dakata mu fara zuwa asibiti. Likitan da ya duba shi ya taɓa goshinsa ya ji babu zazzaɓi, ya ce a dage da ruwan gishiri da sukari, a kai kashin ɗakin gwaji, a riƙa lura da yawan fitsarinsa, amma kada a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta tukuna. Muna fitowa ta dube ni ta ce, "Yaya, wane irin likita ne zai ga jini ya hana magani?" Amsar tambayarta tana tattare da wata halitta da ko madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba ya iya nunawa.

Ita ma bakteriya tana da cutar da ke kama ta. Akwai bairos da ba ya kama mutum ko dabba, sai bakteriya kaɗai, ana kiransa bakteriyofaj, ma'ana maciyin bakteriya, a taƙaice kuma faj. Frederick Twort ya fara lura da shi a Ingila a 1915, sannan Félix d'Herelle ya sake gano shi a Faransa a 1917 a cikin kashin masu fama da atini. Yawancinsu kai ne da jela: kan yana ƙunshe da ƙwayoyin gado, wato umarnin da halitta ke gadar wa 'ya'yanta, jelar kuma ita ce allurar da yake dannawa a jikin bakteriya ya tura su ciki. Daga nan hanya biyu ce. Wani faj ɗin yakan ƙwace gidan nan take, ya hayayyafa, ya fasa bango ya fice. Wani kuwa sai ya liƙa ƙwayoyin gadonsa a cikin na bakteriyar ya kwanta shiru kamar ɗan haya mai ladabi, duk lokacin da ta rabu biyu sai 'ya'yanta su gaje shi.

Wannan ɗan hayar ba ya zuwa hannu rabbana. Sau da yawa gubar da muke ɗora wa bakteriya laifinta kayan aro ce da ya shigo da ita. Bakteriyar E. coli na zaune a hanjin kowannenmu tun muna jarirai, akasari ba tare da cutarwa ba, amma nau'in da ake kira O157:H7, wanda aka fara ganewa a Amurka a 1982 bayan mutane sun ci niƙaƙƙen naman shanu da bai gasu sosai ba, yana fitar da gubar Shiga mai raunata hanji da ƙoda. Cikin shekara biyu masu bincike suka nuna cewa umarnin haɗa gubar a jikin faj yake. Haka lamarin yake ga kwalara, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya a 2021: a 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa gubar da ke tsiyayar da ruwan jikin mutum wani faj ne ke ɗauke da ita.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda su kansu faj ɗin suke musayar kaya a tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa zama a garejin makanikai a Kwangila ya san motar da injinta na wata ne, giyarta ta wata ce, ƙofarta kuma daga wurin 'yan gwangwan aka samo, amma tana ɗaukar fasinja har Kano. Ƙwayoyin gadon faj haka suke jere rukuni-rukuni: na gina kai, na gina jela, na kwafar kansa, na fasa bango. Idan sabon faj ya shiga bakteriyar da tuni wani yake kwance a ciki, sai ƙwayoyin gadonsu su haɗu a ɗaki ɗaya, kuma duk inda rubutunsu ya yi kama akwai sinadaran da ke yanke wannan su ɗinke da wancan. Abin da zai fito daga gidan sai ya zama yana da kan wannan da jelar wancan. David Botstein ya bayyana wannan ra'ayi a 1980, kuma da aka samu damar karanta ƙwayoyin gado da yawa, aikin Roger Hendrix da abokansa a 1999 ya nuna cewa facin ya game ko'ina.

Canjin jela ba ƙaramin abu ba ne, domin jela ce mabuɗi. Ita ke tantance ƙofar wace bakteriya faj zai iya buɗewa, saboda haka faj mai ɗauke da guba da ya samu sabuwar jela ya samu sabbin gidaje ke nan. Nau'in O157:H7 da ya kwantar da dubban 'yan makaranta a birnin Sakai na Japan a 1996, da aka karanta ƙwayoyin gadonsa an iske 'yan haya 18 a ciki, biyu daga cikinsu masu gubar Shiga. Da yawa sun lalace, ba za su iya tashi da kansu ba, sai dai an nuna daga baya cewa ko su suna ba da kayan gyara. Wani lokaci ma faj yakan yi kuskure wajen ɗaure kayansa ya kwashi wani yanki na gadon maigida ya kai wa wata bakteriyar, abin da Norton Zinder da Joshua Lederberg suka gano a jikin bakteriyar Salmonella tun 1952.

Jamus ta ga sakamakon wannan a watan Mayu na 2011. Wani nau'in E. coli mai suna O104:H4, wanda danginsa aka sani da manne wa hanji da jawo gudawa mai daɗewa, ya samu faj mai gubar Shiga, sai ƙarfin mannewa ya haɗu da guba a jiki ɗaya. Fiye da mutum 3,800 suka kamu, fiye da 800 ƙodarsu ta taɓu, sama da 50 suka rasu. Da farko an zargi kokwambar Sifen har manoma suka yi asara, daga baya bincike ya tsaya a kan tsiron hulba da ake ci ɗanye, wanda aka shigo da irinsa daga Masar. Hulbar nan dai da muke saye a Sabon Gari, ko da yake mu dafa ta muke yi ko mu jiƙa garinta.

A ganina mu ne ma ya fi kamata mu damu da wannan ilimi. Shanu na ɗauke da O157:H7 a hanjinsu ba tare da sun yi ciwo ba, domin jijiyoyin jininsu ba su da wurin da gubar ke kamawa. Na sha tsayawa a bakin kogin Kubanni da rani ina kallon garke yana shan ruwa, can ƙasa kaɗan kuma mai lambu ya jefa tiyon injinsa yana ba latas da kabeji ruwa. Inda kashin dabba da na mutum da ruwan ban-ruwa suke cuɗanya, nan ne bakteriya iri-iri da 'yan hayarsu suke samun kasuwar musaya. Shi ya sa kuma masu son amfani da faj wajen tsare abinci, kamar haɗin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006 don kashe bakteriyar Listeria a jikin nama, suke zaɓar masu fasa gida kawai, su karanta ƙwayoyin gadonsu kaf don tabbatar da ba su ɗauko guba ba.

Dalilin likitan nan kuwa ga shi. Ɗan haya yana kwance ne muddin gida lafiya yake. Da zarar ƙwayoyin gadon bakteriya sun samu rauni, abin da magunguna irin su Cipro suke yi ke nan, sai faj ya farka ya fara shirin ƙaura, kuma umarnin haɗa gubar Shiga yana cikin sashen da ke buɗewa a daidai wannan lokaci. Bakteriyar za ta mutu, amma za ta fashe ta zubar da gubar da ta fi ta da yawa, ga kuma sabbin faj da za su shiga maƙwabta. Atinin da bakteriyar Shigella ke jawowa, wanda galibi yakan zo da zazzaɓi, ana ba shi irin wannan magani, saboda haka dole a bambance shi da gudawar jini ta O157:H7 kafin a rubuta magani. Yaron ya kwana biyar muna auna fitsarinsa da wata tsohuwar robar ruwa da mahaifiyarsa ta yi wa zane da biro, a rana ta shida ya tashi da sassafe yana neman koko da ƙosai.