Motocin kwasar ragowar abinci a Ingila

Dokar Ingila ta ce daga 31 ga Maris 2026 kowace ƙaramar hukuma, ban da kaɗan da aka ɗaga wa ƙafa, ta riƙa kwasar ragowar abinci daga gidaje duk mako, daban da sharar da ake zubarwa. Gwamnati ta ware fam miliyan 295 don motoci da bokitai.

Motar shara mai matsewa ba ta dace da wannan aiki ba. Ragowar abinci yawancinsa ruwa ne, idan aka matse sai ruwa mai tsami ya tsiyaya a titi, ya ci ƙarfen motar. Shi ya sa hukumomi da yawa ke sayen ƙananan motoci masu nauyin tan 7.5 har da kaya, masu rufaffen akwati da ba ya yoyo. Wanke shi bayan aiki wajibi ne, in ba haka ba wari da tsutsa.

Yawancin gidaje na samun ɗan bokitin kicin, da na waje mai lita 23 wanda murfinsa ke kullewa saboda ɓera da yanyawa.

Inda aka samu cikas: kowa ya yi oda lokaci ɗaya, masu ƙera motocin suka kasa biyan buƙata, wasu hukumomin suka makara. Abin da aka kwaso kuwa yawanci ana ruɓar da shi a rufaffen tanki, a samu iskar gas da taki.