Ƙyallayen da muke sharewa a shago

Duk telan da kika sani tana da buhun ƙyalle a gefen keke, ragowar atamfa da shadda da leshi, in ya cika a cusa a filo ko a ba yara su yi wa ƴar tsana riga. To wani taron koyon sana'a da na je a kan wannan buhun aka yi shi kacokan, ɗinkin haɗe-haɗe na ado wanda ake ratayewa a bango, ba na lulluɓa ba, kuma ba yadi kaɗai ake sawa ba, har da fenti, takarda, maɓalli, wuri, duwatsun ado, duk abin da allura za ta iya riƙewa.

Shi ɗinkin kansa shimfiɗa uku ne, na sama mai ado, auduga a tsakiya, sai yadin baya, a bi su da ɗinki a haɗe. Da malamar ta ɗaga wani ta nuna mana ni lifidi na tuna wallahi, wanda ake sa wa dawaki a hawan sallah, shi ma ai yadi ne aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, a da kariyar kibiya ne a fagen yaƙi. Ta nuna mana hotunan aikin matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, da tsofaffin wandunan aikin gona suke ɗinka abin lulluɓa don maganin sanyi, a 2002 aka baje kolinsu a gidan tarihi a Houston sannan New York. Layukansu a karkace, irin wanda in yarinyar shago ta yi miki sai kin sa ta farke, amma ka kasa ɗauke ido.

Da farko an ce mana babu doka, kowa ta yi abin da ranta ke so. Wannan maganar dai ban yarda da ita ba har yanzu, doka tana nan, kayan aikin ne suke kafa ta. Fentin akirilik in kika shafa shi haka kawai yadin sandarewa yake kamar an zuba masa sitati, allura tana shiga tana ƙara, dole a gauraya shi da wani ruwa da ake sayarwa na musamman don yadi, ya bushe, a ɗora ƙyalle a kai a bi da dutsen guga. Takarda kuma ba ta son ƙaramin ɗinki, ramukan suna matsewa sai ta tsage a kan layin, sai an buɗe tsawon ɗinkin. Gam in ya yi yawa allura yake kamawa zare ya dinga tsinkewa. Yadin rini mai zuba a wanke shi tukun, wata a kusa da ni shuni ya malale mata kan farar shadda tana ji tana gani. Su maɓalli da wuri sai can ƙarshe da hannu, in ba haka ba ƙafar keke ta hau kai allura ta karye.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sauke haƙoran keken nan da ke jan yadi, ke ce za ki dinga juya yadin da tafukan hannu biyu, hagu dama baya gaba, kamar zane kike da allura. Hannun da ya saba bin layi ƙi yake, kafaɗa ta riƙe, in ƙafa ta yi sauri hannu bai bi ba ɗinkin ya cukurkuɗe waje ɗaya. Malamar tana zagayawa tana cewa "Hajiya saki kafaɗar, ba wuyan riga kike ba." Abin mamaki waɗanda ba su taɓa hawa keke ba sun fi mu teloli saurin kamawa.

Sai maganar kuɗi da kowa ke tambaya. Ni dai ban ga kwastomomina na ɗinkin biki suna biyan kuɗin kwana da kwanaki a kan abin da ba a sawa a jiki ba, masu otal da ofis ƙila. Shi yasa na fara da ƙananu, fuskar jaka da rigar filon kujera, a nan babu takarda tunda za a wanke. Yanzu yaran shago kafin su yi shara sai sun ware min ƙyallayen, auduga daban roba daban, don na robar narkewa suke in guga ya yi zafi.