Cikin doki ba na saniya ba ne

Da yawa daga cikin cututtukan da ke kwantar da doki a turke daga ciki da kofato suke tasowa, kuma tushensu yana cikin tarihin dabbar ita kanta.

Kakan dawaki, wanda masana ke kira Eohippus, ya rayu a dazuzzuka kimanin shekara miliyan 55 da suka wuce. Girmansa bai fi na kare ba, yana da yatsu huɗu a ƙafar gaba, uku a ta baya, abincinsa ganye mai taushi. Da daji ya ja baya, filayen ciyawa suka yaɗu a Arewacin Amurka, sai jiki ya sauya: ƙafa ta yi tsawo, yatsan tsakiya ya ɗauke nauyi duka ya zama kofato, haƙora suka ƙara tsawo don niƙa ciyawa mai ƙasa-ƙasa. Doki da jaki da jakin dawa duk daga wannan zuriya suke. Mutum kuwa jiya-jiya ya shigo: dawakin gida na yau sun fito ne daga filayen kogunan Volga da Don a kudancin Rasha, wajen shekara 4,200 da suka wuce. Wannan ɗan lokacin bai isa ya sauya cikin dabbar ba.

Doki sake yakan yi sa'a 14 zuwa 16 a rana yana kiwo, yana ci yana tafiya. Tumbinsa guda ɗaya ne, ƙarami, lita 8 zuwa 15. Ba ya tuƙa, ba shi da maɗaciya, kuma ba ya iya amai. Ainihin narkar da ciyawa a babban hanji ake yi, inda ƙananan halittun da ido ba ya gani ke ruɓar da ita. Idan aka juye masa gero ko dawa da yawa a zama ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da shi, sai ragowar ta wuce babban hanji ta yi tsami, iska ta taru. Ga ciwon ciki nan: doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen kwiɓinsa, yana gumi, yana birgima. Ana iya jawo wannan gab da hawan Sallah, lokacin da mai doki ke son ya ga dabbarsa ta yi ɓul-ɓul cikin mako biyu.

Ƙa'idar ciyarwa ba ta da wuya. Dokin da ya kai kilo 350 yana buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa kilo 5 zuwa 7 a rana, a raba masa ita yadda ba zai daɗe baki wofi ba, domin tumbinsa yana fitar da ruwa mai tsami ko da abinci ko babu, shi ke haddasa gyambon ciki. Hatsi kada ya wuce kilo 1.5 a ci ɗaya, kuma ciyawa ce a gaba. Sabon abinci a shigar da shi kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 14. Ruwa lita 25 zuwa 40, fiye da haka a bazara. Harawar da ta yi funfuna a zubar, kada a ce asara. Kuma a daina zuba abinci a kan rairayi, yashi yana taruwa a hanji.

Tsamin hatsin nan har kofato yake kaiwa. Naman da ke riƙe ƙashin yatsa da bangon kofato yakan kumbura, kofato ya yi zafi, doki ya tsaya yana jingina nauyinsa baya. Dabba mai yatsa ɗaya ba ta da wani da za ta dogara a kai, don haka a janye hatsi nan take, a tsayar da ƙafar cikin ruwan sanyi, a kira likitan dabbobi. Ko lafiya lau yake, kofato yana tsiro milimita 6 zuwa 10 a wata, wanda ke turke kuwa ba ya cinye shi da tafiya, sai a datse duk mako 6 zuwa 8.

Haƙora ma haka. Turamen doki suna ta fitowa milimita 2 zuwa 3 a shekara, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, sai gefuna su yi kaifi su yanki kumatu da harshe. Dokin da ke zubar da abinci daga baki, ko yake fizgar kai idan an ja linzami, a duba bakinsa kafin a ce taurin kai ne. Likita yakan goge kaifin da magagari, sau ɗaya a shekara.