A dawo mana da amshi

Duk mai zuwa zaman karatun waƙa a Jos 'yan shekarun nan ya san muryar da nake nufi. Yaro zai hau dandamali, ya lumshe ido, ya ja kalmar farko har ta kusa tsinkewa, ya yi shiru, sannan ya zubo sauran a guje. A bayansa kuma an saki wani kiɗan fiyano mai ban tausayi daga waya. Kalmomin na Hausa ne, amma numfashin daga bidiyon YouTube aka kwaso shi. Ba na ganin laifin yaran, abin da suka gani shi suka koya. Abin da ke ci mini rai shi ne mu masu shirya waɗannan zama mun bar su suna zaton Bahaushe bai san tsayawa gaban jama'a da waƙa ba sai da Amurka ta koya masa.

Gasar karatun waƙa da suke kwaikwayo, wadda ake kira “poetry slam”, tana da asalinta, kuma ina girmama ta. Wani ma'aikacin gini ne, Marc Smith, ya kafa ta a birnin Shikago, ta samu mazauni a wani gidan rawa mai suna Green Mill a 1986. Kowa minti 3 ake ba shi. Alƙalai 5 ake tsamowa daga cikin 'yan kallo, su ba da maki daga 0 zuwa 10, a zubar da na sama da na ƙasa. Kuma dokar ta hana kiɗa, ta hana kayan wasa. Wato fiyanon nan da muke fama da shi ko a can ba ya cikin tsari. Burin mutumin shi ne ya ciro waƙa daga littafi ya mayar wa talakawa.

To mu tamu yaushe ta taɓa kwana a littafi? Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajojinta ne, wato matan da ta horar don koyarwa, suke haddace waƙoƙinta su kai wa mata 'yan taru a ƙauyuka, da baki. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙarsa ta Imfiraji a bakin masu rerawa a kasuwa da tasha yawancin mutane suka san ta. Aƙilu Aliyu da muryarsa aka fi saninsa. A nan garin ma mun zauna da Ɗan Maraya har zuwa rasuwarsa a 2015: mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya riƙe taro cik ba mai tari. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne a kan gaɓa mai nauyi da mara nauyi, da amsa-amo a ƙarshen ɗango, wato layin baiti, sau da yawa kuma da amshi. Wanda ya ja gajeren wasali don ya yi salo ya karya karin, wato ma'aunin waƙar, wani lokacin ma ya canza kalmar ɗungurungum.

Bari in faɗi yadda muke aiki da masu tasowa, don a nan ne maganar take.

Akwai wata yarinya 'yar Rikkos da ta kawo mini waƙa a kan mahaifiyarta, wadda ke da shagon atamfa a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002. Ita yarinyar ba a ma haife ta ba lokacin, a bakin uwar ta ji komai. Waƙar ta yi kyau a takarda, amma da ta miƙe karantawa sai ta kafa ido a waya, tana haɗiye ƙarshen kowane layi. Na karɓi wayar na ajiye, na ba ta takarda da fensir, na ce ta ja ɗan layi a duk inda numfashinta ya ƙare da kansa. Ta yi. Sai ga shi wurare da dama numfashin na yankewa a tsakiyar magana, nan muka gane ɗangon ne ya yi tsawo, ba ƙirjinta ne ya gaza ba. Muka rage. Can ƙasa a baiti na huɗu kuwa ga wani layi a ɓoye, inda take cewa har yau Inna na riƙe da makullin shagon.

Na ce, “Ƙanwata, ga amshinki nan kin binne shi.”

Ta ce, “Yaya, ai idan na yi ta maimaitawa za a ce waƙar tsofaffi ce.”

Na ce ta gwada tukuna. Ranar zaman, a karo na biyu da ta faɗi layin, wata dattijuwa daga baya ta karɓa. A na uku ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Kuma ɗakin ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai 'yan Birom, akwai Angas, akwai Ibo, waɗansu iyayensu ma sun yi asara a wannan kasuwa. Tun rikicin 2001 da na 2008 unguwanninmu suka rabu, kowa ya koma cikin nasa, amma Hausa tana nan a bakin kusan kowa a Jos. Tafi kowa da hannunsa yake yi. Amshi kuwa sai ka ɗauki maganar wani ka sa a bakinka, kuma ban san wani abu a dandamali da ya kai wannan nauyi a garin nan ba.

Shi ya sa zaɓen wuri ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Muna neman inda ɗan Unguwar Rogo da 'yar Tudun Wada za su zo ba tare da uwa ta tsaya a ƙofa tana zullumi ba, galibi tsakiyar gari, wajejen gidan tarihi. Muna farawa bayan la'asar mu tashi kafin magariba, in ba haka ba 'yan mata ba za su samu izinin zuwa ba, kuma su ne suka fi kawo waƙoƙi masu ƙarfi. A watan Disamba ma sanyi kaɗai ya isa ya watsa taron da ya kai dare.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke kashe zama. Janareto a kai shi nesa, a ja waya. Makirufo a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da baki, don “f” da “b” suna fashewa a lasifika. Kujeru a jera su zagaye, mai waƙa ya ga fuskoki. Kada masu karatu su wuce goma, kunne yana gajiya. Mai gabatarwa ya taƙaita gaisuwar manyan baƙi.

Maki kuwa ba ma bayarwa a zamanmu. Na lura idan akwai alƙalai, yara suna rubuta abin da zai girgiza su ne, a yi ta ihu da hawaye, waƙar da ke tafiya a hankali kuma ta sha ƙasa. Mai son gasa ya je Abuja, ana yi, kuma akwai gwanaye.

Yanzu abin da na sa gaba shi ne wani tsoho mai bege da ke zama a wani zaure ta wajen titin Bauchi. Bai taɓa riƙe makirufo a irin zamanmu ba, amma da yatsa yake buga kari a gwiwarsa, ɗango ya karye ya ji nan take. Na je na gaishe shi, na roƙi ya zauna da yaran. Ya ce, “Ɗana, ka kawo su, amma kowa ya zo da waƙarsa a ka.” Na sanar da su, suna can suna hadda.