Inshorar Gini Ta Tsaya a Bakin Ƙofa

Ƙannena mazauna Ingila, musamman ku da kuka fara tara ɗan abin hannu kuna tunanin sayen fulat ku zuba 'yan haya, ku matso ku ji yadda ta kaya da ni a Manchesta.

Yawancin fulat a Ingila da Wales shekaru ake sayar maka, 99 ko 125, wani lokaci 999, amma ƙasar da gangar jikin ginin suna hannun wani. Duk wanda ya san takardar filin da gwamna ke sa wa hannu a Najeriya, mai wa'adin shekara 99, zai gane da sauri. Sai dai a nan mai ginin yana nan da ejansa, kuma duk shekara za a aiko maka da lissafin kuɗin hidimar gini. A ciki akwai inshorar ginin gaba ɗaya. Galibi shi ke zaɓen kamfani, kai biya ne naka.

Da na ga kalmar inshora a lissafin nan sai na miƙe ƙafa. Na sa kafet, na sayi kujeru, gado, firji da injin wanki, na ba wani ma'aikacin jinya haya. Ko kwafin takardar inshorar ban nema ba, alhali dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ba ni ikon rubutawa in nemi taƙaitaccen bayaninta, kuma dole a ba ni cikin kwana 21. Wasiƙa ɗaya ce na kasa rubutawa.

Wata rana ɗan hayana ya turo saƙo cewa tiyon injin wanki yana ɗiga. Na ce ya tara roba, zan turo mai gyara. Aiki ya sha kaina, na manta. Bayan mako biyu, yana aikin dare a asibiti, tiyon ya fashe. Kafin asuba ruwa ya jiƙa kafet, ya bi ta ƙarƙashin katako ya sauka a falon wata dattijuwa da ke ƙasa da mu, silin ya rufto kan talabijin ɗinta.

A nan na san kallon kitse nake wa rogo. Inshorar gini ta ɗauki gyaran silin da bango, amma akwai kason farko da ake biya daga aljihu kafin kamfani ya sa hannu, kuma na ɓarnar ruwa ya fi na sauran tsada, domin ita ce ta fi yawa a gidajen bene. Ejan ya ce daga ɗakina ruwan ya fito, don haka a kaina yake. Kafet da kujeru da gado kuwa, aka ce ba gini ba ne, kayana ne. Dattijuwar ta nemi diyyar kayanta, ga kuma saƙon ɗan hayana a waya yana shaida cewa an gaya mini na yi sakaci. Inshorar mai gini ta tanadi kariya idan wani ya zame a matakala ko harabar gida, amma ba ta san da sakacina a cikin ɗakina ba. Ɗan haya ya kwashe kayansa tun da wurin ba ya zaunuwa, haya ta tsaya, banki bai tsaya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin inshorar ginin akwai sashen biyan asarar haya idan wuri ya lalace. Da na nema sai aka tambaye ni ko na sanar da mai gini cewa na sa ɗan haya, kamar yadda yarjejeniyata ta shardanta. Ban sanar ba. Shafin ma ban taɓa buɗe shi ba.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Na garzaya na sayi wata cikakkiyar inshorar gini tawa ta kaina, na shekara guda ina biya, kafin wani dattijo a masallaci ya duba takarduna ya ce, "Malam, bango ɗaya kake biya wa sau biyu." Ashe abin da nake buƙata ƙarami ne: inshorar kayan mai ba da haya, wadda ke haɗe da kariyar diyya idan ɗan haya ko maƙwabci ya cutu ta dalilina, da asarar haya idan ta ginin ba ta ƙunsa ba. Ku lura, inshorar kayan gida ta wanda ke zaune a gidansa ba ta aiki idan ka ba da haya. Kayan ɗan haya kuma nasa ne ya yi musu.

Kada ku rikita asarar haya da lamunin haya. Ta farko sai gobara ko ruwa sun kori mutum. Ta biyu ita ce ke biya idan yana zaune lafiya ƙalau ya daina biya, kuma ba sa amsa maka sai an tantance shi tun farko, an ga albashinsa da tarihin bashinsa. Mu kuwa kun san halinmu: ɗan garinmu ne, ƙanin aboki ne, kunya ta hana a nemi takarda. A ganina, mai fulat ɗaya da bashin banki a wuya ya daure ya yi tantancewar ya sayi lamunin. Wanda ya gama biyan banki yana iya ajiye hayar 'yan watanni a gefe ya haƙura da shi.

Masu tafiya gida su daɗe, ku duba sharaɗin barin wuri babu kowa. Kamfanoni da yawa kwana 30 suke yankewa, bayan nan kariyar ta ragu, kuma a hunturu ne bututu ke daskarewa ya fashe. Takardar duba gas ta kowace shekara da ta wutar lantarki ta duk shekara 5 doka ce, kada su ƙare a hannunku.

Kafin ma ku saya, ku tambayi nawa inshorar ginin ta kai a shekarun baya. Tun gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rayuka 72, kuɗin inshorar dogayen gine-gine masu irin rufin bangon waje mai saurin kama wuta da ke jikin benen nan ya yi tashin gwauron zabo, kuma masu fulat ne ke biya. Daga ƙarshen 2023 hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta wajabta a riƙa bayyana muku har da kamashon da dillalai ke karɓa a kai. Zancen halascin inshora a addini kuwa, na kai wa malamina, ya bambance mini wadda yarjejeniya ta tilasta da wadda mutum ya zaɓa da kansa. Kowa ya je wa nasa malamin da takardunsa a hannu.

Tiyon da ya jawo duk wannan, da na je sayen sabo, bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba. Dattijuwar kuwa sai da aka shekara kafin ta fara amsa gaisuwata a matakala.